Kifi a ganga, ganye a bisa: ado ne ko abinci?

A Amurka da Faransa, mai gidan da ke da ɗan fili a bayan ɗaki yakan sayi tsofaffin gangunan katako, ya zuba kifi cikin ɗaya, ya raba ɗaya gida biyu ya shuka ganye, ruwa na zagayawa tsakaninsu dare da rana. Abin yana da kyan gani ƙwarai. Ba abin mamaki ba ne idan ma'aikaci a Yamai ko ɗan kasuwa a Maraɗi ya ga hotonsa ya yi sha'awar ƙawata tsakar gidansa da shi. To amma kafin a kwance bakin jaka, ya kyautu a san yadda abin yake aiki, da kuma inda yake iya kada mai shi.

Sunan wannan dabara akwaponi, wato haɗa kiwon kifi da noman da ba a yin sa cikin ƙasa. Kifi yana fitar da ƙazantar da ake kira amoniya, wadda ke kashe shi idan ta taru cikin ruwa. Sai ƙaramin pompo ya ɗaga ruwan zuwa kwandon shuka da aka cika da tsakuwa. A jikin tsakuwar akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani: wasu su mai da amoniya nitirit, wasu su mai da nitirit nitirat, wanda shi ne takin da saiwa ke sha. Ruwan ya koma ma kifi da tsabtarsa. Ke nan masu aiki uku ne, kifi da ganye da ƙwayoyin, kuma duk wanda ya gaza cikinsu, sauran sun shiga uku.

Dabarar ba ta yau ba ce. Manoman Sin sun daɗe suna sakin kifi cikin fadamun shinkafa. A shekarun 1980, Dokta James Rakocy da abokan aikinsa na jami'ar tsibiran Virgin suka duƙufa kan tsarin zamani na kiwon karfasa tare da noman salati, kuma a 2014 hukumar FAO ta wallafa littafin jagora kan ƙananan lambuna irin wannan.

Gangar katako kuwa tana da dalilinta a can. Dokar Amurka ta tilasta ma masu yin barasar bourbon su zuba ta cikin sabuwar ganga, don haka tsofaffi suke yawa a kasuwa. A yankin Bordo na Faransa, gangar giyar inabi tana cin lita 225. Mai haɗa lambun yakan bar ɗaya a tsaye don kifi, ya yanka ta biyu a tsakiya, ya ɗora rabi-rabin bisa dakali mai ƙarfi, domin tsakuwa da ruwa suna da nauyi. Yakan shimfiɗa leda mai kauri a ciki, tun da katakon yana sakin ɗaci da ragowar abin da ya sha. Sannan ya ja tiyo daga pompo zuwa kwandunan, ya huda mafitar da ruwa zai gangaro da kansa.

Gaggawa ce ke kashe kifin farko. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, don haka ba a cika ganga da kifi ranar da aka gama haɗi. Ruwan pompo na gari yana da sinadarin kolor mai kashe su. Sai a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe. Tsakuwar da ta yi kumfa idan aka ɗiga mata ruwan lemun tsami ba ta dace ba, domin tana da farar ƙasa. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kilo 10 zuwa 20 na kifi cikin lita 1000. Gangar lita 200 ba za ta ɗauki fiye da kilo 4 ba. Wanda ya yi mafarkin sayar da kifi daga ganga ɗaya, sai ya sake lissafi.

A Nijar akwai ƙarin abubuwa uku. Na farko, gangar katako ba ta riƙe ruwa sai katakonta na jiƙe a kumbure. Iskar hunturu da ranar bazara suna busar da shi, ƙarfen da ya ɗaure shi ya saki. Ga shi sai an shigo da ita daga waje, ga kuma ƙyamar da magidanci musulmi zai yi ma mazubin da ya taɓa ɗaukar giya. Na biyu, zafi: a watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuma ruwa kaɗan saurin ɗumama gare shi, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa. Dole ne ganga ta zauna a inuwa. Tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska a saman ruwa, ta fi karfasa jimiri. Salati da na'ana'a na lokacin sanyi ne; da zafi sai alayyahu. Na uku, wuta. Idan pompo ya tsaya awoyi kaɗan da tsakar rana, kifi na iya mutuwa. Ba a manta da ɗaukewar wutar da aka sha ba bayan Najeriya ta yanke layinta a watan Agusta na 2023. Wanda bai tanadi faifan hasken rana da batir ba, gara ya dakata.

Duk da haka dabarar ta cancanci a gwada ta. Tun da ruwa ɗaya ne ke zagayawa, abin da ake ƙarawa a rana bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da ban ruwan lambu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gari kamar Damagaram, inda aka san darajar ruwa. Kifi kuma yana cinye tsutsar sauro. Ganga ɗaya ba za ta maye gurbin tabkin Madarunfa ko na Tabalak ba, amma tana iya ba uwargida ganyen miya, ta koya ma ƴan lakwal abin da suke karantawa a littafi.

Hanya mafi sauƙi ita ce tanon roba mai lita 200 wanda aka tabbata kayan abinci ya ɗauka. Wanda ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, kada a kusance shi. Mai son ado sai ya kira kafinta ya lulluɓe shi da katako, ko a naɗe shi da zana, wanda zai ƙara kare shi daga rana. A rufe bakinsa da raga saboda ƙananan yara. A fara da kifi kaɗan, a ga yadda zai ƙetare bazara ɗaya, sannan a ƙara ganga ta biyu. Ta haka ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.