Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda

A farkon shekarar 2023, sa'ad da sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa kuɗi suka yi ɓatan dabo a hannun talakawa, har matan ƙauye suka riƙa shigowa kasuwar Samaru da tiyar masara a ƙulle su koma gida da kwalbar manja, sai wata tsohuwar magana ta dawo bakin jama'a, wato cinikin ba ni gishiri in ba ka manda. Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda wasu masu ilmin zamani ke ambatonta da ƙyama, kai ka ce jahiliyya aka koma, alhali kuwa magana ce mai asali da daraja.

Ita manda gishiri ce mai duhu wadda ake nema domin magani, sunanta kuma yana tuna mana zamanin da ayarin Buzaye ke ƙetare hamada daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, raƙuma ɗauke da geron ƙasar Hausa, su juyo da kantu da dabino, ba tare da ko wuri ɗaya ya shiga tsakani ba. Furfure ke nan, kamar yadda magabata ke kiransa, kuma amana ce jarinsa.

Shari'a ba ta bar wannan mu'amala kara zube ba. Gishiri yana cikin abubuwa shida da hadisi ya ambata a babin riba, tare da zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino. Duk wanda ya karanta Risala a zauren malaminsa ya san cewa idan abincin da ake adanawa jinsi ɗaya ne wajibi ne awo ya daidaita, idan kuma jinsi ya saɓa, kamar gero da shinkafa, fifiko ya halatta, muddin an yi hannu da hannu.

A nan ne damuwata take. Mai hatsi a kasuwar Sabon Gari wanda ya karɓi tiya uku ta tsohuwar dawa ya ba da biyu ta sabuwa ya auka cikin riba bai sani ba, ga shi kuwa ba mugunta ta kai shi ba. Ina roƙon limaman masallatan kasuwanninmu su ware majalisi bayan sallar La'asar su karantar da wannan babi da Hausa, tun kafin wata ƙamfar kuɗi ta sake riskar mu.