Kalmar da ta cinye min kuɗin abincin wata guda

Ƴan uwa ɗalibai, musamman mu da ke karatu a nan Minna, ku zo mu faɗa wa juna gaskiya.

Da na kama ɗaki a Gidan Kwano, mai gida ya miƙo min takardar yarjejeniya. A ciki an rubuta: "any cost incurred on repairs shall be borne by the tenant." Na gyaɗa kai kamar na gane, na sa hannu. Wallahi kunya ce ta hana ni tambaya, kar a ce ɗan jami'a bai jin Turanci. Damina na sauka rufi ya fara yoyo, aka nuna min layin nan. Kuɗin abincina kaf suka tafi wurin kafinta.

Ga darasin da na saya da aljihuna. "Incur" na nufin jawo wa kai kashe kuɗi, bashi, asara ko tara. Ba ta tafiya da alheri, ba a "incur" albashi ko kyauta. Kuma ita kaɗai ba ta faɗin wanda zai biya. "Borne by" ce ke nuna kan da za a ɗora wa kayan. Duk inda ka ga "incurred", maza duba wanda aka ambata bayan "borne by".

Mukan yi wa mai irin wannan Turancin ba'a, wai iyayi ne. Ni kam na daina. Da shi ake rubuta takardun haya, na bashi da na ɗaukar aiki, kuma sa hannu ba ya gogewa don ka ce ba ka gane ba.

Matambayi ba ya ɓata. Kai wace kalma ce ta taɓa sa ka asara?