Ba kowane gwaji ne Trovan ba

Jama'a, akwai wata magana da na gaji da ganinta a dandalin nan. Da zarar an ce za a gwada wani sabon magani ko wata na'ura a asibitocinmu, kafin a gama karanta labarin wani ya riga ya rubuto a ƙasa: "Za a sake mayar da mu zakaran gwajin dafi, kun manta Pfizer?" Daga nan saƙon murya ya kama yawo a WhatsApp, daga zauren dangi zuwa na tsofaffin ɗalibai, shi ke nan an rufe magana. Ba mu manta ba. Amma da yawa daga masu kiran sunan Pfizer, in ka tsare su ka ce su faɗa maka ainihin laifin da aka yi, sai ka ji inda-inda. To bari mu faɗe shi dalla-dalla.

A bazarar 1996, zamanin Abacha, annobar sanƙarau ta afka wa Arewa. Sama da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Ana cikin haka tawagar Pfizer ta sauka Kano, ta yada zango a Asibitin Zana, inda likitocin ƙungiyar MSF suke ba da magani kyauta wanda an riga an san aikinsa. Suka ɗebi yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, maganin da ko a Amurka ba a ba shi lasisi ba tukuna. Ɗaya rabin aka yi musu allurar ceftriaxone, sanannen magani, amma ƙasa da adadin da aka ƙayyade. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi kurame, wasu jiki ya shanye, wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu. Kamfanin ya kafe cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma gaskiya ne sanƙarau da kansa yana kurumtawa, yana kashewa. Wannan gardamar likitoci ce, na bar musu.

Inda ba gardama shi ne batun takarda. Kamfanin bai iya nuna takardun amincewa da iyaye suka sa wa hannu ko suka dangwala ba, ya ce da baki aka nemi izini ta hannun ma'aikatan jinya. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba wanda ya ce musu ga tabbataccen magani can a cikin harabar asibitin. Uwa ce ta rungumo ɗanta wuya ya sanƙare, ta ga masu fararen kaya sun miƙo hannu, don Allah me za ta tsaya tambaya? Sannan ga babbar: takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da aka gabatar, mai ɗauke da sunan asibitin koyarwa na Kano, daga baya aka gano an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan wata baya. A lokacin ma asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Duk wanda ya taɓa riƙe fayil a ofishin gwamnati ya san me ake nufi da mayar da kwanan wata baya, ya kuma san ba daga Amurka ake zuwa da tambarin ba. Akwai hannun namu a ciki, kuma wannan ɓangaren ne masu saƙon murya ba sa faɗa.

Jaridar Washington Post ce ta bankaɗo maganar a 2000. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa doka. Rahoton ya kwanta a durowa har 2006, da wani ya tsegunta shi ga jaridar dai. Aka shigar da ƙara a 2007, aka sasanta da Kano a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Sai a 2011, bayan gwajin DNA, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Shekara 15 ke nan. Shi kuwa Trovan tun 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka saboda yana lalata hanta.

Don haka 'yan bokonmu da ke kiran mai tsoro jahili su ma su shafa wa kansu lafiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Amma ku masu ɗaukar wannan ciwo kuna rufe kowace ƙofa da shi, ku zo mu yi lissafi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa jita-jitar yana hana haihuwa, kuma da Trovan aka riƙa kafa hujja. Sai a tsakiyar 2004 aka dawo da shi. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Sai 2020 Najeriya ta samu shaidar rabuwa da cutar. Yaran da suka gurgunce a tsakanin nan ba 'ya'yan Pfizer ba ne, namu ne, muna ganinsu a kan kekunansu a bakin danja. Wa zai biya su diyya?

Ga kuma abin da gwaji na gaskiya ya yi mana. Rigakafin MenAfriVac, an yi shi ne musamman don sanƙarau ɗinmu na Sahel, an gwada shi a kan 'yan Afirka a Mali da Gambiya da wasu ƙasashe, ya fito a ƙasa da rabin dala. Aka fara shi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta biyo a 2011. Nau'in sanƙarau da ya kashe mu a 1996 yanzu kusan ya ɓace. Da iyayen Bamako sun ce ba za a taɓa 'ya'yansu ba, da har yau muna jiran zafi da fargaba irin ta da.

A nan gida ma fa ana yi, ba ku dai yaɗa shi ne don ba ya tayar da hankali. Yara masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, a ƙasashe masu kuɗi ƙarin jini ake musu kowane wata. Wane talaka ne zai iya wannan? Likitocin Kano da Kaduna, tare da jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin hydroxyurea a kan yara 220 da na'ura ta nuna suna cikin haɗarin, suka gano ƙaramin adadi ma yana ba da kariya kamar matsakaici. Sai gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Asibitoci 80 a ƙasashe huɗu, mata sama da 200,000. Na'urar ma ba wata aba ba ce, leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a daina kintacen jinin da ido, in ya kai iyaka a haɗa mata magunguna nan take maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo shi ya ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan ma gwaji ne. A kan matanmu aka yi shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutumin da zai yi rantsuwa ba za a gwada komai a jikin ɗansa ba, shi ne zai tsaya a tasha ya sayi gorar ruwan da mai lasifika ya ce tana maganin basir da taifot da ciwon suga da sanyin mata a haɗe. Ba suna, ba ma'auni, ba wanda ya taɓa auna abin da take wa ƙoda. Ashe kullum gwajin ake a jikinmu, ba dai mai rubuta sakamako.

Ni ba cewa na yi a miƙa wuya ba. Yau akwai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, akwai NAFDAC da dole a samu izininta. In an zo maka da maganar gwaji, ka nemi a karanta maka takardar da Hausa, a ba ka kwafi ka kai gida ka yi shawara. Ka tambaya: wa ya ba da izini, yaushe? In na ƙi, za a duba yarona kamar kowa? In na shiga zan iya fita? In wani abu ya same shi, wa zai biya, a wane ofis zan same shi? Mai gaskiya zai amsa ba tare da ya ɓata rai ba.

Ƙarfin da ake ɓatawa wajen tura saƙon murya, a juya shi kan 'yan majalisarmu. Su tilasta ma'aikatun lafiya su riƙa wallafa jerin duk gwajin da ake yi a asibitocin jiha, da sunan mai ɗaukar nauyi da ranar da aka ba da izini, da boko da ajami, a manna a ƙofar asibiti, a kuma karanta a rediyo. Ranar izinin ce na fi so a manna, kuma a manna ta kafin a taɓa yaro na farko.