Minti Uku a Gaban Likita

Maganar asibiti ce ke tafe da ni a wannan wata, kuma gwaggona ce ta jawo ta.

Ana idar da sallar asuba muka fita don mu yanki kati da wuri, amma ba a kira mu ba sai dab da azahar. Da muka shiga, likita bai ko ɗago kai ba. "Mama, me ke damunki?" Gwaggo ta fara da gaisuwa kamar yadda ta taso ta ga ana yi: ina wuni, ya aiki, ya iyali. Kafin ta gama cewa jikinta ne babu ƙarfi, biro ya riga ya kama gudu a kan takarda. Maganin maleriya, na taifot, sai na ƙarin jini. Na dubi agogo, minti uku. Zuwanmu na uku ke nan cikin wata huɗu, magungunan ba su sauya ba, ita kuwa sai ramewa take yi.

Ashe ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A shekarar 2017 wasu masu bincike sun tattara bayanai daga ƙasashe 67 kan tsawon lokacin da marar lafiya ke samu a gaban likita. A Bangaladash daƙiƙa 48 ne, a Suwidin minti 22 da rabi, kuma kusan rabin mutanen duniya suna zaune ne a ƙasashen da ba a wuce minti 5. Wani bincike da aka yi a Amurka tun 1984 ya nuna likita kan katse marar lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana. To ina ga Gwaggo, wadda gaisuwa kaɗai ta cinye mata nata daƙiƙoƙin?

Ba zan ɗora wa likitocinmu laifin duka ba. Wanda ya leƙa ya ga benci cike har bakin ƙofa dole hannunsa ya yi sauri. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, amma mu masu masaukin baƙi har yau kasafin tarayya bai kai nan ba. Likitoci na ta ficewa Ingila da Saudiyya, nauyi na komawa kan 'yan kaɗan da suka rage. Duk da haka, ɗago kai a dubi fuskar tsohuwa ba ya cin ko sisi.

Wata maƙwabciyarmu mai aikin jinya ce ta ce mu gwada wata likita a wani ƙaramin asibitin gwamnati. (Ku riƙe wannan: masu jinya sun fi kowa sanin likitan da ke saurare.) Yarinya ce, ba za ta girmi autar Gwaggo ba. Abu na farko da ta yi, ta tashi ta tura ƙofa. Ta amsa gaisuwa, ta bar Gwaggo ta kai aya, sannan ta ce, "Mama, sau nawa kike tashi fitsari da dare?" Gwaggo ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar nan, biyar, wani lokaci shida." Daga nan zance ya ɓalle: ga ƙishirwar da ba ta yankewa, ga ƙaiƙayi a matse-matsi, ga gyambo a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa, wanda ni da nake rakiya ban ma san da shi ba. Aka tsaga mata yatsa aka auna jini. Ciwon suga ne. Duka-duka ba mu fi minti goma a ɗakin ba.

A hanya na ce, "Gwaggo, me ya hana ki faɗi wannan tun can?" Ta ce, "Namiji ne, ƙofa a buɗe, ga mutane a tsaye a kaina. Kuma ai bai tambaya ba."

Nan ne namu laifin yake. Kunya ado ce, amma Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, har da na jinin al'ada da wanka. Idan za ki ga likita, ki gaisa a taƙaice, ki fara da abin da ya fi tayar miki da hankali, ko da shi ne mafi nauyi a baki. Ki faɗi yaushe ya fara. Ki tafi da kwalayen magungunan da kike sha, har da na gargajiya. In ba ki gane ba, ki ce a sake faɗa da Hausa. Ba alfarma kike roƙo ba: kundin haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ba ki damar a yi miki bayani da harshen da kike ji, a kuma kiyaye sirrinki.

Gyambon Gwaggo ya rufe, alhamdulillahi, ta kuma rage sukari a kunu tana mita. Ranar Talata za mu koma. Tun jiya ta sa jikarta ta rubuta mata tambayoyi uku a bayan katin asibiti, na farkonsu a kan azumi ne.