A sa tukunyar lantarki cikin kayan ɗakin 'ya'yanmu



Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a Jekadafari ko Bolari ko Pantami ya san yadda muke jera kuloli da kwanuka, wasu har a aurar da 'yar fari ba a taɓa zuba musu abinci ba. Ra'ayinmu shi ne a rage saiti ɗaya ko biyu, a sayi tukunyar lantarki mai riƙe tururi, wadda ake kira firesha. Hujjarmu kuwa kunu ne.

Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗa wa iyaye mata cewa kokon gero zalla ba ya isar yaron da ya wuce wata 6. Sai an haɗa gero, dawa ko masara da waken suya da gyaɗa, domin hatsi ƙarfi yake bayarwa, wake da gyaɗa kuma su gina jiki. Duk ana samunsu a Tudun Hatsi. Matsalar ita ce dahuwa. Waken suya idan bai nuna sosai ba yana ɓata cikin yaro, kuma nunar da shi yana cin gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, har uwa ta gwammace ta dama koko ta huta.

A tukunyar da muka saba, ruwa ba ya wuce digiri 100. Ita wannan tana kulle tururi, zafin ya haura digiri 110, sai ɓarzajjen hatsi da waken da suka kwana a jiƙe su yi laushi cikin kamar rabin awa. Mai wat 1,000 ko ta yi awa guda cur tana jan wuta, yunit ɗaya ta ci, alhali da ta ɗau zafi takan katse da kanta. Ba hayaƙi a idon uwa da na goyonta, ba a kuma ƙara sare itace a garin da zaizayar ƙasa ke cin gidaje.

Za a ce ina wutar? Gaskiya ne. Muna da madatsar Dadin Kowa a kusa, amma ba mu manta duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 ba. Shi ya sa ba mu ce a jefar da kurfoti ba. A jiƙa hatsi da dare, da an kawo wuta a ɗora. Ko an ɗauke bayan ta ɗau zafi, a bar ta a rufe, tururin zai ci gaba da aiki.

Sai dai a kiyaye: kada hatsi da ruwa su wuce rabin tukunya, domin kunu yana kumfa ya toshe mafitar tururi. Kada a zuba gari mai kauri a kulle, zai kama. Kada a buɗe sai tururin ya sauka da kansa. Na ƙaramin yaro a markaɗa shi bayan ya nuna.

Iyaye da gwaggonni masu haɗa kayan ɗaki, ku duba wannan magana. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.