Ba Duk Abin Da Ke Cikin Ƙasa Ne Saiwa Ba

Jama'a, akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a makarantunmu, watau koya wa yara cewa duk abin da aka haƙo daga ƙasa saiwa ne. Rogo saiwa ne, haka kuma dankalin Hausa. Amma citta da gwaza da dankalin Turawa kara ne wanda ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa, yana tara abincin da ganye ya sarrafa.

Shaidar a fili take. Kara yana da gaɓa da ido, kuma daga idon nan toho ke fita. In ka binne saiwar rogo sai ta ruɓe. In kuwa ka ɓalli citta mai ido ɗaya ka binne, za ta aika toho sama, ta saki saiwoyi ƙasa, sa'an nan ta miƙe a kwance tana yin 'ya'ya.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan bambanci? To, ruwansa da yawa. Tofa ma kara gare ta a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya daddatsa ta da fartanya ya bar guntayen a gona, shuka ta ya yi, gama kowane guntu mai ido zai tsiro. Sai an tono an shanya a rana. Dankalin Turawa kuwa in rana ta taɓa shi yakan yi kore, koren nan kuma alamar guba ce, shi ya sa manoman Jos suke tara masa ƙasa a gindi.

Abu mafi girma shi ne iri. Guntun citta da aka dasa yanki ne na jikin uwarsa, saboda haka in uwar tana da cuta, da ita zai tafi sabuwar gona. A shekarar 1845 cutar dankali ta jawo babbar yunwa a ƙasar Ayilan. A 2023 kuma cuta ta halaka gonakin citta a Kaciya da kewayenta. Lalle ne a riƙa zaɓen iri daga gona mai lafiya.

Saboda haka ina roƙon malamai su rage dogara ga zanen allo. A kai yara lambun makaranta, kowa ya tono citta da hannunsa, ya ƙirga idanunta, ya dasa, ya jira. Gani ya kori ji. Yaron da ya gane wannan shi zai gyara wa gidansu noma. Allah ya sa mu dace.