A mayar wa Sarauniya da harshenta

A 1947 manyan kamfanonin sinima na Amurka suka ɗaure baki a kan ba za su ƙara ba da aiki ga duk wanda ake zargi da kwaminisanci ba. Marubuta suka koma sayar da aikinsu da sunan aro, har Dalton Trumbo ya ci lambar Oscar a 1957 da sunan Robert Rich. Ba doka ce ta kashe wannan zalunci ba. A 1960 aka rubuta sunansa na gaskiya a fina-finai biyu, Spartacus da Exodus, jama'a suka cika gidajen kallo, masu jari suka ga ba asara, haramcin ya soma rushewa.

Mu a Nijar mun san ɗacin abin. Tun da aka haramta Sawaba a 1959, kalmar "kwaminis" kaɗai ta isa ta raba mutum da aikinsa, wani lokaci da ƙasarsa. Abdoulaye Mamani, ɗan majalisar Sawaba daga Damagaram, ya yi gudun hijira har Aljeriya. Da ya komo bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Kunce ta ɗaure shi. Littafinsa Sarraounia a Paris ya fito, a 1980. Da Med Hondo ya tashi mai da shi fim, ƙofar Nijar ta rufe, sai Burkina ta Sankara ta karɓe shi. Fim ɗin ya ci babbar lambar FESPACO a 1987, amma Sarauniyar Lugu, 'yar Arewa, da Julanci take magana a cikinsa!

Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe bakuna, Sawaba ta fito fili. Mamani kuwa bai daɗe ba: hatsarin mota ya ɗauke shi a 1993, yana hanyar zuwa karɓar lambar Boubou Hama.

To, an ɗage haramci, amma an mayar da abin da aka ƙwace? Kaburburan Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙone garuruwanmu a 1899, suna Maijirgi, nan kusa da mu. Mutum nawa ne a Gangara, Agye ko Gazawa suka taɓa ganin fim ɗin da ke ba da labarinsu?

Ma'aikatar al'adu ta nemi izinin juya shi zuwa Hausa, a nuna shi a gidajen samari da makarantu, da sunan Mamani a gaba. In baitulmali ta ce ba kuɗi, alhazan Maraɗi suna liƙa wa maroƙa fiye da haka a bikin aure guda.